Ƙafar Da Ta Yi Shiru

Akwai wani direba da kowa ke kira Yanzu-Yanzu. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Ka tambaye shi yaushe mota za ta tashi, sai ya ce yanzu-yanzu. Ka ce ya bari shayi ya huce, sai ya kurɓa ya ƙona harshe, ya kuma ɗora wa mai shayin laifi. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma yana da gajen haƙuri, kuma babban aibinsa shi ne ba ya barin mai magana ya kai aya. Da ka buɗe baki ya riga ya san ƙarshen zancenka, ko dai haka yake zato.

Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa bas ɗin wata masaƙa. Ya kwaso ma'aikata da safe, ya mayar da su da yamma, yawancinsu mata. Da wannan motar yake riƙe da matarsa da 'ya'yansa huɗu, kuma duk abin da ya mallaka da ƙafarsa ta dama ya same shi, wadda ke taka totur da birki.

Wata rana taya ta yi faci a hanya. Maimakon ya jira a kama masa, sai ya sunkuya ya cicciɓi safayar taya shi kaɗai. Ya ji wani abu ya tsarge shi a ƙugu, ya yi ta maza ya ƙarasa aikin. Washegari ya kasa saka wando a tsaye. Ciwon ya taso daga ɗuwawun dama, ya bi ta bayan cinya, ya ratsa sha-raɓa, ya sauka har yatsun ƙafa, kamar an zura masa waya mai zafi. In ya zauna azaba, in ya tsaya azaba, in ya yi atishawa kuwa sai ya ga wuta. Kwana huɗu yana tuƙi a karkace, gumi na zuba, kafin matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ya duba shi, ya rubuta masa magani, ya tura shi sashen gashi, inda ake koya wa masu ciwon jijiya da gaɓoɓi motsa jiki. Can ya tarar da jarrabawarsa: wata likita mai farin gilashi da ke magana a hankali, kalma bayan kalma. Ta sa shi ya yi tafiya a kan diddige, sannan a kan yatsu. Ya yi, yana cije leɓe.

"Alhamdu lillahi, ƙafar tana da ƙarfinta," in ji ta. "Malam, a ƙafa kake jin ciwon, amma daga baya ya taso. Akwai guringuntsi tsakanin ƙasusuwan baya. Naka ne ya ɗan turo, ya danne jijiyar da ke sauka har tafin ƙafa. Yawanci yana lafawa da kansa, in an ba shi sati shida zuwa takwas."

"Sati shida? Likita, ba allurar da za a yi a wuce wurin?"

"Babu. Akwai dai haƙuri da motsa jiki."

Ta nuna masa yadda zai kwanta rub da ciki ya ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu, sau goma, sau huɗu a yini. Ta ce ya riƙa ɗan tattaki, ya guji dogon zama da ɗaukar kaya, ya dawo bayan sati biyu.

"Saura abu biyu, kuma su ne suka fi muhimmanci. Na farko, idan ka ga ciwon ya fara hawa sama..."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Shugaban direbobi ne.

"Na gane, likita, na gane. In ya hau in ƙara shan magani. Allah ya saka."

"Malam, tsaya, ba haka ba ne."

Ina, ya riga ya kai bakin ƙofa yana ɗingishi, waya a kunne. Kafin ta miƙe an turo mata wani tsoho a keken marasa lafiya. Matarsa kuwa tana can layin karɓar magani, ba ta ji komai ba.

Abin da shugaban direbobi ya faɗa masa shi ne an ba shi hutun wata ɗaya, an miƙa wa wani sabon direba makulli ya riƙe. "Bayan wata ɗaya kuma, ban yi maka alkawari ba. Ka san masu kamfani." Wannan maganar ta zauna masa a ƙirji ta hana shi sakat.

A gida matarsa ta tsaya masa. Ita ke shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ita ke ƙirga masa, domin in an bar shi daga uku sai ya tsallaka takwas. Yana yi yana mita, wai shi babba da shi an mayar da shi ƙadangare. Ana cikin haka, a kwana na tara, yatsun ƙafar suka daina zugi. A na goma sha ɗaya sha-raɓar ma ta saki. Amma ƙugunsa ya ɗauki wuta fiye da da, har ya fi jin sa a tsakiyar baya.

Ya zauna bakin gado yana bin hanyar ciwon da yatsa. Da yana ƙafa. Ya dawo cinya. Yanzu ga shi a baya.

Da la'asar maƙwabcinsa mai faci ya shigo gaishe shi, irin mutanen nan da ba su taɓa jin ciwon da ba su san maganinsa ba. Da ya ji bayani sai ya riƙe haɓa.

"Mutumina, ciwo yana hawa kana kwance kana lissafi? Haka ya yi wa kawuna. Daga ƙafa ya fara. Ranar da ya kai ƙirji, ranar muka rasa shi."

Ciwon kawun nasa daban ne, kumburi ne ya kashe shi, amma wa ya tsaya tambaya? Yanzu-Yanzu ya tuna likita ma ta ambaci hawa, kuma fuskarta ba wasa a lokacin. Shi ke nan, ya haɗa rabin maganarta da labarin mai faci, ya yanke wa kansa hukunci.

"Akwai wani mai tausa a bayan kasuwar katako," in ji mai faci. "Minti biyar. A ɗauke ake kai mutum, ya fito da ƙafarsa."

Matarsa da ke bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, saura kwana uku fa mu koma asibiti. Ka bari mu tambaye ta. Ni a ganina ma tafiyarka ta fi ta da."

"Kwana uku? Kafin nan ya kai wuya. Ke ba a jikinki yake ba."

"To mu je gobe da safe, ko ba ranarmu ba ce."

"In je in bi layi a ce in ƙara sati shida? Miƙo min hulata."

Ɗakin mai tausa ƙarami ne, ba taga, sai benci da warin man zafi. Ƙato ne mai kaurin hannu, bai tambayi takardar asibiti ba, bai ma tambayi yadda abin ya fara ba. Wannan ya burge Yanzu-Yanzu, ga mutum mai aiki ba surutu. Aka kwantar da shi a gefe. Mai faci ya danne kafaɗu. Mai tausa ya kafa gwiwa a ƙugunsa, ya kama ƙafar dama, ya murɗa ya fizga da iya ƙarfinsa. Wani abu ya ce ƙas. Ihun da direban ya yi sai da masu yankan katako suka tsayar da zarto.

"Jijiyar ta koma wurinta," in ji mai tausa yana goge hannu.

Kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Ciwon ya sake sauka har yatsu, ya ninka na farko, ko juyi ba ya iyawa sai an juya shi. A rana ta uku da safe ya farka ya ji shiru. Ya taɓa cinya, ya taɓa sha-raɓa. Babu zugi, babu wuta, babu komai. Ya miƙe tsaye yana dariya, har da ƙwalla.

"Maman yara, zo ki ga aikin minti biyar."

Ta zo ta tsaya tana kallonsa yana zagaya tsakar gida. Ba ta yi dariya ba. Ƙafar dama tana faɗuwa a ƙasa, faf, faf, kamar ba tasa ba.

"Baban yara, ina takalminka na dama?"

Ya duba. Silifas ɗin yana can bakin ƙofa, ya yi taku shida babu shi bai sani ba.

"Barci ƙafar take yi, ta sha wuya. Za ta farka."

"Yau ce ranar asibiti. Don Allah mu je ta gani."

"Mai lafiya ke zuwa asibiti? Wurin aiki za ni, kafin yaron can ya saba da kujerata."

Ta riƙe masa hannun riga. Ya zame. Ya ɗaure takalmi mai igiya tamau don kada ya sake cirewa, ya fita.

Shugaban direbobi ya yi murna da ganinsa, ya ba shi makulli ya yi jigilar yamma. Mata talatin da wani abu suka shiga suna yi masa barka. A kujerar gaba wata dattijuwa mai shara ta zauna, wadda kowa ke kira Inna, ita ce kullum ke yi masa addu'a in zai tayar da mota.

"Ɗana, jiki ya yi ƙwari dai ko?"

"Garau, Inna."

Tun daga ƙofar masaƙa ya sha jinin jikinsa. Ba ya jin totur a ƙarƙashin ƙafarsa. Sai dai ya ji kukan inji ya gane ya taka. In zai koma birki sai ya ɗaga cinyar gaba ɗaya ya ɗora ƙafar, kamar mai ɗora kaya. A danjar farko ya tsaya da ƙyar, motar ta yi tsalle, matan suka yi dariya suna cewa hutu ya sa ya manta tuƙi. Shi ma ya yi yaƙe. Zuciyarsa ta ce masa ya faka a gefe ya kira wani. Ya ce bari dai ya kai su, saura kaɗan.

Bayan gada akwai gangare, a ƙarshensa kuma mahaɗar hanya ce da mutane ke tsallakawa. Motar ta fara gudu da nauyinta. Can ƙasa ya hango wata mata da goyo ta shigo kwalta, tana janye da buhu. Ya ɗaga cinya zai taka birki. Motar ba ta rage gudu ba. Ya sake dannawa, babu abin da ya canja. Ya leƙa ƙasa. Kan ƙafar ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin birki ya maƙale, shi kuwa bai ji ba.

"Direba, mace," in ji Inna. "Direba, ga mace da goyo."

Ya danna oda. Matar ta waigo ta daskare a tsakiyar hanya. Ya ja ƙafar, ta ƙi fitowa. Ya kai ta hagu kan birki, ta danne ta daman, birkin bai sauka ba. Bayan motar ya cika da salati. Yana ganin fuskar matar, yana ganin ɗan kan jaririn a bayanta. Ya fizgi birkin hannu, ya murɗa sitiyari dama da duk ƙarfinsa. Bas ɗin ta goge buhun, ta hau gefen hanya, ta faɗa lambatu da gaba.

Matar da goyonta ba abin da ya same su. Mata shida sun ji rauni. Inna ta bugi ƙarfen gaba, ta karye a kafaɗa, haƙoranta biyu suka zube. Da aka fito da ita, jini a baki, abin da ta fara tambaya shi ne ko direba yana da rai. Wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce ta zage shi.

A asibiti hoto ya nuna guringuntsin ya fashe ya danne jijiyar sosai. Aka yi masa tiyata washegari. Bayan kwana uku likitar gashi ta zo gadonsa. Ta sa hannu a kan ƙafar ta ce ya ɗaga. Ƙafar ba ta motsa ba. Matarsa ta ba ta labari duka, tun daga hawan ciwon.

Likitar ta cire gilashi ta dube shi.

"Malam, yau za ka bari in ƙarasa?"

Ya gyaɗa kai.

"Na farko, idan ciwon ya bar ƙafa ya hau zuwa baya, sauƙi ne. Jijiyar ce ke samun sarari. Da ka ci gaba, da wataƙila yanzu kana gab da komawa aiki. Na biyu, idan ƙafar ta mutu, ko ta rasa ƙarfi, ko da ciwon ya ɗauke, a ranar za ka zo, ba washegari ba. Abin da nake son gaya maka ke nan."

Ya juya fuska bango ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko a ɗakin mai tausa.

"Za ta dawo?" matarsa ta tambaya.

"Jijiya a hankali take warkewa. Wata shida, shekara, wani lokaci ba ta dawowa duka. Sai mu yi namu mu jira."

Makulli ya zama na sabon direba. Shi kuma aka ba shi wata roba da ake ɗaurawa daga sha-raɓa zuwa tafin ƙafa don kada ta riƙa jan ƙasa. Yanzu wata bakwai ke nan. Kullum da hantsi yakan zauna a tabarma ya miƙe ƙafar, ya zuba wa babban yatsa ido, ya tattara duk ƙarfinsa ya ce masa ya ɗaga. Matarsa takan durƙusa kusa, ta sunkuyar da kai tana dubawa, domin shi ya daina yarda da idonsa.

"Ya motsa?" yakan tambaye ta.

Takan so ta ce e. Amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

"Tukuna, Baban yara. Sake gwadawa."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai neman lafiya ya saurari masani har ya gama magana, domin rabin bayani yakan fi rashin sani haɗari. Ba kowane ƙarin ciwo ne taɓarɓarewa ba, kuma ba kowane ɗaukewar ciwo ne waraka ba, wanda ya san aikin ne kaɗai zai bambance maka. Idan jikinka ya canja, koma wurin wanda ya duba ka ka tambaya, kada ka miƙa bayanka ga mai alkawarin minti biyar. Idan kuma rayukan mutane suna hannunka, kada ka ɓoye rauninka don tsoron rasa aiki. Wannan direba ya kasa jiran minti ɗaya a gaban likita da kwana uku a gidansa, ga shi yau yana jiran abin da ba wanda ya san ranar zuwansa.