Ƙarar da Labaran Bai Ji Ba

Akwai wani bawan Allah a Sharada, cikin Kano, mai suna Labaran. Shekararsa goma sha ɗaya yana aiki a wani kamfanin roba, a ɗakin injin da ke niƙa tsofaffin bokitai da kujeru. Duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan ɗakin ya san ba a hira a ciki, sai dai nuni da hannu. Kamfani kan raba musu 'yar robar toshe kunne, amma shi da abokan aikinsa gani suke ragwaye ne ke sa ta. Tasa ma a aljihu take zama har wanki ya cinye ta.

To shi Labaran Allah ya jarabce shi da son waƙa. Ba wani mawaƙi ba ne na a zo a gani, shi dai in ya taso daga aiki yana rera abinsa. Wata rana ya gani a waya wai ba dole sai ka je situdiyo ba, a ɗakinka ma kana iya ɗaukar murya tas. Daga ranar bai sake samun sukuni ba.

Ya samo kwamfuta ta hannu, da makirufo, da ɗan akwatin da ake jona su da shi, da abin sauraro mai rufe kunne biyu. Ya bi masu shayi yana roƙon kiret ɗin ƙwai, ya manne bangon ƙaramin ɗakinsu da su kaf, ya jingina tsohuwar katifa a taga. Matarsa Atika ta leƙo ta ce ita dai ba a gaya mata sun fara kiwon kaji ba. Ya ce ta bari kawai, ilimi ne.

Ranar gwaji ya rera baiti biyu, ya saurara, ya ji muryar can ƙasa-ƙasa. Ya murɗa maɓallin ƙara sauti. Har yanzu dai ƙasa take. Ya murɗa shi har ƙarshe, sai wata 'yar jar fitila ta kama a jikin akwatin. Gogan naku ya yi murmushi, don ai a waya ma in ka ga ja, ɗauka ake yi.

Ya kira Atika ta zo ta ji abin mamaki. Tana sa abin a kunne ta cire shi da sauri. Ta ce akwai wata siririyar ƙara kamar kukan sauro da take tsaga kai, kuma muryarsa tana fashewa kamar lasifikar da ta yage.

Labaran ya karɓa ya saurara. Ya rufe ido ya sake saurara. Babu sauro, babu dangin sauro.

Don ya raba gardama, sai ya tura wa abokan aikinsa waƙar. Tijjani ya ce wallahi tas take. Auwalu ya ce ba laifi, amma a ɗan ƙara mata ƙarfi. Da ya kunna wa mai shayin da ya ba shi kiret kuwa, mutumin ya yamutse fuska ya tambaye shi ko wayar ta faɗa ruwa ne.

Nan fa kan Labaran ya ɗaure. Waƙa ɗaya, wasu na cewa zuma, wasu na toshe kunne. Ya canza wayar makirufo. Ya kashe fanka ya zauna yana zufa. Ya fitar da agogon bango, ya ƙaro kiret, har ya shiga cikin bargo da makirufo kamar mai zazzaɓi. Duk sanda ya kira Atika, amsarta ɗaya ce, ƙarar tana nan. Ya yi ta juya abin a ransa, har ya fara tunanin ko irin ƙarar nan ce da mata da masu shayi kaɗai ke ji. A ƙarshe ya yanke hukuncin da ya fi masa sauƙi, ya ce kunnen Atika ne ke da matsala, ta je kemis a ba ta magani.

Ana cikin haka sai Gwaggonsa ta zo daga ƙauyensu can wajen Ringim, za a duba mata ido. Ita ce ƙanwar mahaifinsa Alhassan, wanda ya rasu Labaran yana goye. Babu hotonsa ko ɗaya a duniya. Abin da ya rage nasa kawai wata waƙa ce da Gwaggo ta tsara wa yayan nata tun suna ƙuruciya, lokacin da yakan tafi cirani, take rera ta a bakin dutsen niƙa. A cikinta ta faɗi tsawonsa, da tafiyarsa, da halinsa. Ba wanda ya iya ta sai ita, kuma ga tsufa ya kama ta.

Gaskiyar magana, don wannan waƙar Labaran ya haɗa ɗakin nan, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai da ya kwana uku yana lallashi. Gwaggo ta ce ita da ta yi jika ina ita ina waƙa a gaban ƙarfe. Sai ana gobe za ta koma, bayan la'asar, ta yarda. Ya shimfiɗa mata darduma, ya saita makirufo, ya murɗa maɓalli har jar fitila ta kama.

Atika ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Baban Rufaida, don Allah ka rage abin nan ko kaɗan ne. Kuma ka gwada cire cajar kwamfutar, kamar daga nan nake jin ƙarar."

Ya juyo a gaban Gwaggo ya ce, "Atika, ni na haɗa kayan nan ko ke? Je ki ji da girkinki."

Abin ya yi mata ciwo. Ta ɗauko faranti ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, wayarta a gefe.

Gwaggo ta rera waƙar daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak. Da ta gama ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce kada ya sake sa ta, ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Washegari ta hau mota.

Sati biyu tsakani aka bugo waya cewa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Labaran ya je ya same ta a kwance. Ta gane shi, ta riƙe hannunsa, amma baki ya tafi, ko sunansa ba ta iya kira. Duk hanyar dawowa abu ɗaya yake faɗa wa kansa, Allah ya taimake shi ya riga ya ɗauki waƙar.

Ya kwashi kwamfutar ya nufi Hotoro wajen wani mai situdiyo, Gwadabe, don a gyara waƙar a tura wa dangi. Gwadabe ya sa abin sauraro, bai yi daƙiƙa biyar ba ya cire, daidai yadda Atika ta yi.

Ya nuna masa allon kwamfuta, inda muryar ta fito a cushe kamar bulo. Ya yi masa bayani cewa jar fitilar nan ba alamar ɗauka ba ce, gargaɗi ce, tana cewa sauti ya yi yawa a rage. Ya ce siririyar ƙarar daga caja take, wannan zai iya rage ta. Amma muryar da ta fashe tun wajen ɗauka, babu injin da zai ɗinke ta.

Labaran ya ce shi fa har yanzu bai gane wace ƙara ake ta magana ba. Gwadabe ya dube shi, ya danna wani abu, ya tambaye shi ko yana jin wannan.

"To kunna mana," in ji Labaran.

"Ai tun ɗazu na kunna, Malam Labaran. A ina kake aiki?"

Yana buɗe baki zai ce ɗakin inji, sai komai ya warware masa lokaci guda. Ya tuna yadda ake cewa rediyonsa ya cika ƙara. Ya tuna sau nawa Atika ke kiransa kafin ya waiwayo. Ya tuna su waye alƙalan da suka ce waƙarsa tas take, Tijjani da Auwalu, waɗanda suke tsaye tare da shi a gindin inji ɗaya shekara da shekaru. Ashe duk kunnensu ɗaya.

Ya dawo gida jiki a sanyaye. Ya zauna a ɗakin kiret ya gaya wa Atika komai, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ya ce ya ɓata waƙar babansa da hannunsa, kuma ba mai sake rera ta har abada.

Atika ta tashi ta ɗauko 'yar wayarta mai tsagaggen gilashi.

"Ban yi don in ƙure ka ba," in ji ta. "Tsoro ne ya kama ni ranar, sai na danna ɗaukar murya na ajiye ta a bakin ƙofa."

Ta kunna. Ana jin motsin shinkafa a faranti, ana jin wata babbar mota ta wuce, amma muryar Gwaggo tana nan lafiya lau, ko tsagewa babu. Labaran ya kanga wayar a kunne. Ta yi masa ƙasa. Yatsansa ya tafi zai ƙara sauti, sai ya tsaya, ya miƙa mata.

"Atika, ki yafe mini. Zauna nan ki ara mini kunnenki. Me ta ce a wannan wajen?"

Ta mayar baya kaɗan, ta saurara, sannan ta dube shi.

"Cewa ta yi, Alhassan dogo, mai amsa kira tun ba a ɗaga murya ba."

Labaran ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan darduma. Ranar Litinin shi ne na farko a layin karɓar robar toshe kunne, kuma guda uku ya karɓa, har da na Tijjani da Auwalu.

Darasi: Rashin jin abu ba ya nufin abin babu shi. In na kusa da kai ya ce akwai gyara, tsaya ka duba kafin ka gwasale shi, kuma kada ka nemi shaida wajen waɗanda matsalarku ɗaya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aiki a gindin inji, su kula da kunnensu, su kuma saurari mutanen gidansu.