Dawuda da Hujjar Son Uwa

Akwai wani malamin makaranta a Tambuwal, a shekarar da ƙasarmu ta karɓi mulkin kai, sunansa Dawuda. Ɗan Kebbe ne. Bai daɗe da dawowa daga kwaleji ba, kuma ya dawo da wani tunani da ya tsinto a littattafan falsafa, wanda ya hana shi sakat, shi ma ya hana mutane.

Kullum bayan la'asar yakan je majalisar Malam Bube, wani dattijo masanin tauhidi da ke zama a gindin durumin ƙofar gidansa. Nan ake kafsa muhawara.

Wata rana Dawuda ya ce, "Allah gafarta Malam, durumin ga da muke ƙarƙashinai, mi na sani game da shi? Kore a idona, sanyi a jikina. Duk cikin kaina suke. In na juya baya, wa zai ba ni tabbacin shina nan?"

Malam Bube ya ce, "Awakina. Su ka cin ganyenai bayan ka tahi gida."

Majalisa ta kwashe da dariya. Dawuda bai yi ba.

"Awakin ma a idona suke. Kai kanka, Malam, ina ganin bakinka na motsi, ina jin sauti. Amma cewa akwai wani a ciki mai jin daɗi da zafi kamar yadda nake ji, wannan zato ne, ba sani ba."

Wani tsoho ya yi a'uziyya, ya ja buzunsa gefe.

Malam Bube ya ce, "Irinku ba sababbi ba ne, ɗana. Malaman da sun ce maganinku garwashi: a ɗora muku a tafin hannu, a tambaye ku ko shi ma zato ne. Ni ba ni ƙona ka, don tambayar taka ba ta banza ba ce. Amma gaya mini, mahaifiyarka fa? Ita ma baki ne kawai mai motsi?"

Fuskar Dawuda ta canza. Ya ce, "Ita ko motsin ma ba ya yi."

Nan ne ciwon yake. Dawuda ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsa Bara'atu mace ce mai tsananin kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". In ya gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Kowa a Kebbe ya san wannan al'ada, bai ɗauke ta komai ba. Dawuda ma da haka ya tashi, sai da ya yi karatu ya fara auna abin da sabon ma'auninsa. Ya bincika rayuwarsa kaf, bai sami kalma ɗaya ko kallo ɗaya da zai kafa hujja da shi ba. Sai ya yanke hukunci cewa son da ake cewa tana yi masa labari ne da mutane suka saba faɗa.

Ana cikin shirin bikin mulkin kai, Dawuda na koya wa ɗalibai maci, sai ga ƙanwarsa Mardiya daga Kebbe. Ta same shi a bakin fili da usur a wuya.

"Yaya, jikin Inna ya yi tsanani. Ko kunu ba ya zama cikinta."

"Ita ta ce in taho?"

"Haba Yaya! Ka san ba ta faɗi."

"Ta ambace ni?"

Mardiya ta sunkuyar da kai. "Ba ta ambata ba. Amma duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa."

"Mara lafiya duk haka yake yi. Ke kika sa wa kallon ma'ana, Mardiya. Ki gaishe ta. In an gama biki ina nan tafe."

Ta daɗe tana kallonsa kamar ba ta san shi ba, sannan ta juya.

Ranar biki gari ya cika. An baro yankan gero a gonaki, mutanen ƙauyuka sun yi dafifi a bayan igiyar da aka kewaye fili da ita. Hakimi da Di'o, jami'in mulki na gunduma, suna zaune a rumfa. Dawuda ya sha fararen kaya, yana gaban yaransa, kowane yaro riƙe da 'yar tuta kore da fari.

Suna zuwa daidai kwanar fili sai wata tsohuwa da ta lulluɓe fuska da mayafi ta sulale daga jikin igiya, ta faɗi a kan hanyarsu. Layi ya karkace. Yara suka fara waige.

Dawuda ya busa usur da ƙarfi. "Ku janye ta daga hanya! Yara, ido gaba! Hagu, dama!"

Ya kewaye ta ya wuce. Aka gama maci lafiya, aka tafa, hakimi ya sa masa albarka.

Yana cikin karɓar gaisuwa sai ya hango Malam Bube yana kutsowa cikin taro, ba rawani, ba sanda. Dawuda bai taɓa ganinsa haka ba.

"Taho gidana yanzu."

"Lafiya, Malam?"

"Taho dai."

A zauren Malam ya tarar da Mardiya durƙushe tana kuka. A gabanta, kan tabarma, tsohuwar nan ce da ta faɗi a fili, aka ɗauko ta aka kawo ta nan. An yaye mayafin.

Dawuda ya dafa bango.

"Inna?"

Ta rame har ya kusa kasa gane ta. Tafin ƙafafunta ya tsage, jini ya bushe da ƙasa a kai.

Mardiya ta ce cikin kuka, "Da na koma na ce ba ka samu tahowa ba, ba ta ce komai ba. Da safe sai ta ce tana son ganin tutar da ake faɗi. Tuta, Yaya! Matar da ko kasuwar Kebbe ba ta shiga. Munka biyo fatake, anka aza ta bisa jaki, girgizar ta hana ta numfashi, ta sauka ta taka da ƙafa. Ta sa ni rantsuwa kada in gaya maka. Ruwa na tahi nemo mata, na dawo na iske ta ƙasa."

Dawuda ya zube a gabanta. Ya ce, "Inna, ni ne na ce a janye ki. Ni ne. Ban gan ki ba."

Bara'atu ta juyar da fuska wajen bango, kamar yadda ta saba.

"Inna, don Allah ki dube ni. Ki kira sunana, ko sau ɗaya. Ki ce saboda ni kika taho, in ji da kunnena."

Malam Bube ya tsaya a bakin ƙofa. Numfashinta kawai ake ji, yana fita da ƙyar.

Can sai leɓunanta suka motsa. Ba da shi ta yi magana ba.

"Mardiya."

"Na'am, Inna."

"Ce ma wancan ya tashi daga ƙasa. Zai ɓata fararen kayanai, ga manyan mutane na jiranai."

Ita ce maganarta ta ƙarshe in ban da kalmar shahada. Kafin a kira azahar Allah ya karɓi abarsa, fuskarta na kallon bango.

Dawuda bai tashi ba. Ya rungumi ƙafafun nan da suka tsage, ya kifa fuskarsa a kansu, jini da ƙasa suka ɓata gaban rigar. A waje ana ta kiɗa da guɗa. Sai da mata suka zo yi mata wanka, sannan aka ɓamɓare hannuwansa.

Darasi: Ba laifi ba ne mutum ya yi tambaya a kan gaskiya da abin da ido ke gani, ilimi ne. Amma zuciyar ɗan'uwanka ba za ta taɓa buɗewa ka leƙa ciki ba, kuma rashin ganinka ba ya nufin babu komai a cikinta. In ka ce sai an kawo maka hujja kafin ka yarda ana sonka ko ana jin ciwo, hujjar tana iya zuwa a ranar da ba za ta amfane ka ba. Wanda iyayensa ke raye ya je ya gan su, ko ba su kira ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai jiran a kira shi.