Wuri Ɗaya a Cikin Kwalekwale

Ku zauna ku saurara da kyau, domin idan na gama, hukuncin a hannunku yake.

A farkon yaƙin da mutanen Amurka suka yi don su fita daga mulkin Sarkin Ingila, ba su da soja na sosai. Manoma ne ke ɗauko bindigoginsu na farauta, su yi alkawarin wata uku a fagen daga. Ranar da wa'adi ya cika, kowa sai ya koma gonarsa, ko da abokan gaba suna bayan tudu. Haka ta faru da wata runduna lokacin girbin alkama. Daga mutum ɗari huɗu suka koma sittin, rabinsu da rauni. Suka ja da baya har wani ƙauye a bakin babban kogi, ba albarushi, ba harsashi, ba jirgin tsallakawa. Sojojin Ingila kuwa saura musu tafiyar kwana biyu.

A ƙauyen akwai 'yan uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Keziya, da ƙannenta Jabez da Lemuwel.

Keziya ta iya haɗa albarushi. Tun bazara take kankare ƙasar garken shanu, ta jiƙa, ta tace, ta dafa har gishirin da ake yin albarushi da shi ya fito, ta haɗa da gawayi da farar wuta. Aikin ya cinye mata fatar hannu, hayaƙi ya raunana idanunta. Duro biyu ta samu, ta mirgino su gaban kyaftin ɗin rundunar, ba ta rage ko cokali ba.

Jabez maƙeri ne. Ya narkar da farantan dalma na marigayiya mahaifiyarsu. Da ya lura bindigogin farauta kowace da faɗin bakinta, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, ya zuba wa kowace harsashin da zai shige ta. Da albarushin nan da harsasan nan mutum ashirin suka tare hanyar shiga ƙauyen yini guda cur.

Lemuwel masunci ne. Tun da ya ji Ingilawa na ƙwace jirage, ya cika kwalekwalensa da duwatsu ya nutsar a cikin ciyayin bakin ruwa. Ranar ya tono shi, ya toshe ramukan da rigarsa, ya dinga kai mutane hayi yana dawowa. A zuwa na goma harsashi ya fasa masa kafaɗa, dole wani soja ya karɓi filafili.

Da la'asar albarushi ya ƙare, masu tare hanya suka janye, aka tsallakar da su. Kwalekwalen yana shan ruwa, kowa ya ga ba zai ƙara dawowa ba. Aka jera sauran masu rauni a ciki, kyaftin ya shiga, sai ya rage wurin mutum ɗaya. Wani maƙwabcinsu mai goyon bayan Sarki kuma ya riga ya kai wa Ingilawa sunayen 'yan uwan nan uku, an ce duk wanda aka kama, rataya.

Jabez ya ce, "Yaya, shiga. Rundunar nan ba ta da mai haɗa albarushi sai ke."

Keziya ta ce, "Da waɗannan idanun? Matarka da 'ya'yanka huɗu suna hayi suna kallonka. In na sauka ba kai, me zan gaya musu?"

Lemuwel, yana zaune cikin laka jini na zuba, ya yi dariyar ƙarfin hali. "Ku dai yi ta gardama, kamar yadda kuka saba tun muna yara. Jirgin ma nawa ne, ba wanda ya tambaye ni."

"To shiga mana, sarkin surutu!" in ji Jabez.

"In mutu a tsakiyar ruwa, a yi asarar wurin?"

Kyaftin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba don ku ukun ba, da babu ɗayanmu a raye. Ni ba zan iya zaɓa ba."

Gangar Ingilawa ta fara amo a bakin ƙauye. Sojan da ke riƙe da filafili ya fara tura kwalekwalen daga gaɓa.

Biyu za su sha igiya, ɗaya zai rayu da tunaninsu. To, ku faɗa mini, wa ya fi cancanta a miƙa wa hannu ya shiga?