Mutum Ɗaya da Ya Guje wa Aikin Ganuwa

An ce wani sarki ne ya sa a fito da duk mazan garinsa su yi ginin ganuwa. Aka ƙirga, mutum dubu goma da bakwai. Ya ce wa wazirinsa Jatau ya raba su daidai a ƙofofi takwas.

Jatau ya raba, sai ƙofa ɗaya ta rasa mutum guda. Ya gwada kashi tara, guda babu. Kashi goma sha biyu, wallahi guda babu! Sarki ya fusata ya ce, “Akwai wanda ya ɓuya ke nan. Ka kawo min shi kafin Juma'a in sare kansa, in ba haka ba naka zan sare.”

Jatau ya bi gida gida har rumbuna ya leƙa, bai ga kowa ba. Ranar Alhamis ya zube a rumfar wani tsohon masaƙi, Malam Cindo, wanda ya tsufa yana ƙirga zare. Tsoho ya saurara, ya yi zane-zane a ƙasa, ya ce, “Kai ni fada.”

A gaban sarki ya ce, “Ya sarki, adadin nan gwauro ne. Ba abin da ke raba shi sai ɗaya, sai shi kansa. Amma ka ƙara masa mutum guda, zai rabu takwas, ya rabu tara, ya rabu goma sha biyu, ba saura.”

“Na san wannan, tsoho. Ina mutumin?”

“Yana cin abincin garin nan, ganuwar kuma shi za ta fi karewa. Kowa a tsaye yake, shi yana zaune.”

Jatau ya waiga. Mutum ɗaya ne a zaune a duk fadar. Jatau ya ce a ransa yau kai biyu za a sare, nasa da na tsoho. Dogarai ma baki suka sake.

Can sarki ya shafa wuyansa ya ce, “Waziri, ƙofar da ta rasa mutum, wacce ce?”

“Ta gabas, ranka ya daɗe.”

Sarki ya cire alkyabba, ya ce a ba shi kwandon ɗibar ƙasa. Yana fita ya ce, “Rabo ba ya zama adalci sai mai rabawa ya sa kansa a ƙirga.”