Wardin Bayan Ɗaki

Akwai wani maigida da yake da ɗan lambu a bayan ɗakinsa. A tsakiyar lambun akwai itacen wardi guda ɗaya, wanda matarsa ta dasa da hannunta kafin ta rasu. Kowace safiya yakan ba shi ruwa, bai kuwa taɓa barin kowa ya tsinki furensa ba.

Da lokacin auren 'yarsa Lidiya ya yi, sai suka shirya yin bikin a tsakar gida. Aka kafa rumfa, aka aro bencina daga majami'a. Lidiya da ƙanwar mahaifinta, Goggo Asabe, suka wanke kwalabe da tukwanen ƙasa, suka zuba ruwa, suka jera furanni masu launin rawaya da suka tsinko a bakin rafi. Saura abin da amarya za ta riƙe a hannu.

Goggo Asabe ta ce, "Yaya, ka ba mu wardin nan mana."

Ya ce, "Ku ɗebi duk abin da kuke so a lambun, ban da wannan."

Lidiya ta ce, "Ba komai, Baba." Ta ci gaba da aikinta.

Ranar biki da safe, maigidan ya je ba da ruwa kamar kullum. Sai ga furanni biyu sun kakkaɓe a ƙasa, kaji suna tattake su. Ya daɗe a tsaye. Shekara bakwai ke nan yana tsaron furen nan, kowace shekara kuwa ƙasa ce take cinye shi.

Ya ɗauko wuƙa ya yanke sauran, ya cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su da farin zare. Ya kai wa 'yarsa, ya ce, "Ungo. Shukar mahaifiyarki ce."

Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa. Da ta fito wurin bikin riƙe da shi, ƙanshin ya kai har bencin baya.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Lambun shi ne rayuwarmu, wardin kuwa kyautar da Allah ya damƙa mana: ƙarfinmu, lokacinmu, kalma mai daɗi, har 'ya'yanmu. Sau da yawa tsoron rashi yakan sa mu riƙe ta, mu ce ƙauna ce. Amma riƙo ba ya hana ta wucewa, sai dai ta wuce ba ta amfani kowa ba. 'Yan'uwa, wa yake jiran abin da ke hannunku? Ku miƙa masa yau, tun bai zube ba.