Gara Mai Almakashi

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki, ya ɗaura jaka a bayan keke, yana bin ƙauyuka yana kwafe waƙoƙin marubutan da suka rasu. Masu cewa zaman banza ne ya ishe shi, ku karanta tukuna.

Wata rana ya jingine kekensa a ƙofar shagon wani tela, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar littafin waƙoƙinsa na rubutun hannu. Ya roƙi a ba shi ya kwafa.

Tela ya kalli jakar. "Malam, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, ɗana."

"Tun safe kana taka keke, ba kowa? Ruwa ba ya tsami banza."

Mahaifiyar tela ta leƙo daga cikin gida. "Kai, ba shi ya kwafa. Littafin nan ƙura kawai yake sha a akwati."

Tela ya shiga ɗaki yana ƙunƙuni. A ransa, mutumin nan birni zai kai waƙoƙin ya sayar. To waƙar da ba ta da ƙarshe, wa zai saya? Ya sa almakashi ya datse baitin ƙarshe na kowace waƙa, ya cusa guntayen a aljihun riga.

Ya fito ya miƙa wa Malam littafin. Malam ya buɗe, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya.

"Ina ƙarashen?"

"Gara ta ci."

"Gara mai almakashi?" Ya cire tabarau. "Ɗana, a baitin ƙarshe marubuci ke faɗin sunansa. Akwai wani a birni da yake rera waƙar babanka yana cewa tasa ce. Hujja na zo nema."

"Haka kowane ɓarawo ke cewa. Malam, kowa ya ji da kekensa."

Ya danna keken ɗinki. Malam ya hau nasa ya tafi.

Bayan sati uku, tela yana ɗinki sai ga waƙar babansa a rediyo, aka kira sunan wani ƙato wai shi ne mai waƙar. Ya zabura ya shiga gida neman rigar. Tana kan igiya, matarsa ta wanke ta tas. A aljihu sai dunƙulen farar takarda, ko harafi ɗaya babu.

Mahaifiyarsa ta dube shi. "Baƙon da ka kora bai ɗauki komai ba. Ɗan gida ne ya yanke sunan ubansa."

Darasi: Zargi ba wayo ba ne. Ka bincika kafin ka yanke, don abin da hannunka ya ɓata ba ka da wanda za ka kai ƙara. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da kowa ɓarawo ne a idonsa, ai kun san shi.