Ƙarfen Bature da Ruwan Rima

Akwai wani mutumin Argungu, Tamba, da ya samu aikin masinja a gidan Di'o a Birnin Kebbi zamanin Turawa. Baturen yana da wasu ƙarafa da yake ɗagawa kullum da safe. Tamba ma ya shiga ɗagawa, har ƙirjinsa ya buɗe, damatsa suka cika riga.

To fa, sai girman kai! Duk zuwansa gida sai ya zolayi yayansa Ɗankure, masunci siriri wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgi.

"Yaya, wanga jiki naka iska ma na iya kayar da shi."

Ɗankure ya yi murmushi kawai.

Wata damina Tamba ya zo hutu, gulbin Rima ya cika ya batse. Da hantsi maciji ya sari matarsa Riskuwa a gonar shinkafa, mai magani kuma yana ƙetaren gulbi. Ɗankure ya jawo jirgi da gudu, amma Tamba ya fizge filafilin tuƙin.

"Matata ce, ni zan kai ta!"

"Tamba, ba a yanke ruwanga kai tsaye. Bi gaɓa ka hau sama, sannan ka bari shi sauko da kai."

Ina! Bai saurara ba. Ya saka Riskuwa a jirgi, ya bar Ɗankure a gaɓa, ya nufi tsakiya yana dambe da ruwa. Kafin rabin hanya hannuwansa suka sandare, numfashi ya ƙare, ruwa ya yi ƙasa da su. Riskuwa tana nishi, ƙafarta tana ta kumbura. Wallahi abin tausayi, ƙaton nan ya fashe da kuka yana kiran "Yaya! Yaya!"

Ɗankure ya rungumi gora ya faɗa ruwa. Ya daɗe yana iyo kafin ya cim musu, ya karɓi filafili, ya ƙetare da su.

Mai magani ya duba ƙafar ya girgiza kai. "Ina kunka tsaya tun ɗazu?"

Riskuwa ta rayu, amma ƙafar ta shanye. Har ta tsufa da sanda take zuwa rijiya, Tamba yana kallo.

Darasi: Motsa jiki abu ne mai kyau, da ƙarfe ko babu ƙarfe, amma cikar damtse ba ta maye gurbin juriya da sanin aiki. Kada ka raina wanda aikinsa ya gina shi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya sauke girman kai tun bai cutar da nasa ba.